Faifan hoton sikana ya ƙi buɗewa: me ke cikinsa, kuma wace manhaja za a amince da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa mahaifinmu hoton kai a sikana nan Maradi bayan ya faɗi daga kan kabu-kabu. An ba mu fim, da takardar sakamako da Faransanci, da faifan sidi. Likitan da za mu gani a Kano ya ce a fara turo masa hotunan. Na sa faifan a kwamfutar abokina, sai na ga fayiloli birjik, babu wanda ya buɗe. Mai sibar ɗin unguwarmu ya ce zai sa mini wata manhaja da aka fasa, wani kuma ya ce in ɗora su a wani shafin intanet na kyauta in gani. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Bisa abin da ka kwatanta, faifanka lafiyarsa ƙalau, kuma akwai manhajoji na kyauta, na halak, da za su buɗe shi ba tare da hoton Baba ya bar kwamfutarka ba. Ɗakin ɗaukar hoto nan ne wurin aikina, kuma ba a jimawa sai wani ya dawo mana da faifai a hannu yana cewa an ba shi fanko. Hotunan na ciki. Kwamfutar ce ba ta san irin fayil ɗin ba.

Injinan asibiti, sikana wato CT, da IRM wato MRI, da eko wato hoton da ake ɗauka da sauti, da sabbin injinan rediyo wato X-ray, ba sa ajiye hoto yadda waya ke ajiyewa. Suna da tsarinsu da ake kira DICOM. A farkon shekarun 1980 kowane kamfani da nasa salon, hoton da injin wannan ya ɗauka na wancan ba ya iya karanta shi. A 1983 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki, NEMA, suka kafa kwamiti ɗaya kan matsalar. Suka fitar da ƙa'ida ta farko a 1985, sannan a 1993 aka fitar da wadda ta ɗauki sunan DICOM, ita ake ta gyarawa har yau. Amfaninta gare ka shi ne faifan da aka buga a Maradi zai buɗe a Yamai, ya buɗe a Kano, ya buɗe a Alƙahira, ko injin Siemens ne ya ɗauki hoton, ko GE, ko Philips, ko Canon.

In ka sake duba faifan, galibi za ka ga wani fayil mai suna DICOMDIR a sama, da folda mai suna DICOM ko IMAGES ko makamancin haka, a cikinta wasu foldodi, a cikinsu fayiloli masu sunaye irin IM0001, IM0002, ko lambobi zalla. Yawancinsu ba su da wutsiyar da Windows ke dubawa ta gane abin da za ta buɗe fayil da shi, irin .jpg ko .pdf. Wasu injinan na sa .dcm, wasu ba sa sa komai. DICOMDIR shi ne rajistar faifan: a cikinsa aka rubuta wane majiyyaci, wane gwaji, wane jeri, da inda kowane hoto yake. Su kuwa fayilolin nan masu yawa, kowanne yanka ɗaya ne. Sikana na yanka jiki da hasken X-ray, kamar yadda ake yanka albasa sala-sala, likita ya bi yankunan ɗaya bayan ɗaya daga gindin ƙoƙon kai har ƙoli. Hoton kai kaɗai kan iya kai yanka ɗaruruwa, in an ɗauke shi sirara-sirara. Kowane yanka ɗigo 512 ne a tsaye, 512 a kwance, nauyinsa wajen rabin mega.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan, don a kansa ne mutane suka fi yin hasara. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaga fim a bakin taga, ko a tsaya gaban allon kwamfuta, a ɗauka da waya a tura ta WhatsApp. Likitan da ya karɓi wannan ya karɓi ɗan abin da ya rage ne kawai. Hoton waya mai launin toka matakai 256 yake iya riƙewa tsakanin baƙi da fari. Fayil ɗin sikana yakan riƙe 4096 ko fiye, kuma kowane ɗigo a cikinsa awo ne na yadda wurin ya tare haske. Ma'aunin na ɗauke da sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da aka fara gwada injinsa a kan majiyyaci a Landan a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. A ma'aunin nan ruwa 0 ne, iska -1000, kitse wajen -100, ƙashi daga ɗaruruwa har sama da 1000. Naman ƙwaƙwalwa na tsakanin 20 da 45, sabon jinin da ya zuba ya daskare kuma yakan faɗa tsakanin 50 da 80. Ka ga tazarar da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da jini ƴar kaɗan ce a ma'aunin da ya haura dubu biyu.

Idon mutum ba ya iya rarrabe dubban matakai a lokaci guda, shi ya sa likita ke zaɓar ɗan yanki na ma'aunin ya baza shi daga baƙi zuwa fari. Wannan yankin shi muke kira taga. In yana neman jini a ƙwaƙwalwa sai ya tsuke tagar, faɗinta 80, tsakiyarta 40: duk abin da ke ƙasa da 0 ya koma baƙi ƙirin, duk abin da ya haura 80 ya koma fari fat, ƙoƙon kai ya zama farin zobe, naman ƙwaƙwalwa ya fito da duhu-duhunsa da haske-haskensa. A wannan tagar tsagewar ƙashi kan ɓuya, don ƙashin duka fari ne. Sai ya buɗe tagar ta kai faɗin 2000 ko sama, ƙwaƙwalwa ta dushe ta zama toka ɗaya, ƙashin ya fito da ɓawonsa da ɓargonsa, siririn layin karaya ya bayyana in akwai shi. Akwai kuma siririn jinin da ke kwanciya a jikin ƙoƙon kai ta ciki, wanda a tagar ƙwaƙwalwa yakan saje da farin ƙashi, sai an ɗan ƙara faɗin tagar ake raba su. Ga dattijon da ya bugu a kai, irin wannan ne likita ya fi nema. Yanka ɗaya ne duk ake juyawa haka. Da zarar ka ɗauke shi da waya, ka daskarar da shi a taga guda, ba mai iya sake juya shi. Fim ɗin da aka ba ku ma haka yake: ma'aikaci ne ya zaɓo ƴan hotuna daga cikin ɗaruruwa ya jera a takarda. Yana da amfani, ku tafi da shi, amma faifan ne ke ɗauke da gwajin gaba ɗayansa.

Saboda haka aikin farko, tun kafin batun manhaja, ka kwafe faifan duka. Ka buɗe sabuwar folda a kwamfuta, ka zaɓi duk abin da ke kan faifan, har da fayilolin da ba ka san amfaninsu ba, ka zuba a ciki. Kada ka canja wa ko fayil ɗaya suna, kada ka ƙara masa .jpg, kada ka fito da fayiloli daga foldodinsu ka haɗe wuri guda, don DICOMDIR da sunayen nan da wuraren nan ya san su. Sannan ka yi kwafi na biyu a filash sabo ko wanda ka goge tas. Faifan sidi ba ya jure zafin mota da ƙurar hunturu irin tamu. Kwana kaɗan a aljihun jaka tare da makullai ya isa ya karce shi. Ka mayar da shi ambulan ɗinsa, ka ajiye shi tare da fim, ka ci gaba da aiki da kwafi. Yawancin sabbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa faifai, amma ana sayar da na'urar karanta shi da ake jonawa ta USB, masu gyaran kwamfuta ma sukan ajiye ta. In dole ta sa ka yi kwafin a sibar, ka tsaya a kai, kuma ka tabbata an share abin da ya saura a kwamfutarsu har daga kwandon shara. Filash ɗin da ya shiga kwamfutar sibar kuma a bincike shi da riga-kafin bairos kafin ya shiga wata, don ƙwayar nan da ke ɓoye foldodi ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu ta zama ruwan dare a garin nan.

Sau da yawa asibiti kan haɗa ƴar manhajar kallo a cikin faifan, fayil mai suna irin Viewer ko Start ko Autorun. In faifan daga hannun ma'aikatan ya zo hannunka kai tsaye, babu laifi ka gwada ta. Sai dai takan zama tsohuwa, ta yi nauyi in daga faifan take tashi, wani lokaci ta nemi wani ɓangaren Windows da babu a kwamfutarka, kuma ba ta aiki a Mac. Ƙin tashinta ba ya nufin hotunan sun lalace.

Wadda nake fara ba mutane ita ce Weasis. Kyauta ce, lambobin gininta a buɗe suke ga duk mai son dubawa, ta fito ne daga asibitin jami'a na Janeba a ƙasar Suwizalan, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ana iya mayar da ita Faransanci, abin da ke da amfani a wurinmu. Adireshinta weasis.org. Tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. In ta abokinka tsohuwa ce, MicroDicom ta fi sauƙin tashi. Ta Windows ce kaɗai, kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba, a microdicom.com. RadiAnt, ta wani kamfanin Folan mai suna Medixant, tana da sauri ƙwarai kuma likitoci da yawa na son ta, amma ta kuɗi ce, suna dai ba da damar gwaji na ɗan lokaci, wanda ya ishi buƙata irin taka. Ina kyautata zaton irinta ce mai sibar ke nufin ya fasa maka, alhali ga ta gwaji a shafinsu, radiantviewer.com. Masu Mac suna da OsiriX, wadda ta fara fitowa a 2004, da Horos da aka tsago daga jikinta. Za ka ji ana ambatar 3D Slicer. Babbar manhaja ce ta masu bincike da ɗaliban jami'a, ba ita kake buƙata ba.

Buɗewar ba wuya. Ka tayar da manhajar tukuna, daga cikinta ka nemi wurin buɗe folda ko buɗe DICOMDIR, ka nuna mata foldar da ka kwafe. A gefe za ka ga ƙananan hotuna, kowanne na wakiltar jeri ɗaya: na farko galibi hoton kai ne ta gefe da layuka a kansa, wanda injin ya yi don tsara inda zai yanka, sai jerin ƙwaƙwalwa, sai na ƙashi, wani lokaci da shafin da ke nuna yawan hasken da aka ba majiyyaci. Ka danna jeri, ka murza ƙafar linzamin kwamfuta, yankunan su riƙa wucewa.

Sai maganar amana, wadda ita ce ainihin tambayarka. Sunan manhaja mai kyau bai isa ba, inda ka ɗauko ta shi ne magana. A watan Fabrairun 2025 kamfanin tsaron intanet na Forescout ya bayyana cewa ya gano fayiloli da aka yi wa shigar manhajar kallon DICOM ta Philips, alhali a cikinsu akwai ƙwayar da ke ba ɓarayi ikon sarrafa kwamfuta daga nesa da naɗe duk abin da aka buga a madannai. Ba daga Philips suka fito ba, sunan kawai aka ara. Wa aka yi wa wannan tarkon? Mutum irinka, mai majiyyaci a kwance, ga faifai a hannu, ga gaggawa. Shi ya sa nake cewa ka buga adireshin shafin da hannunka, harafi bayan harafi. In ka nema ta Google, ka tsallake sakamakon farko-farko da aka yi wa alamar talla, ka kuma guji shafukan da ke tara manhajoji dubu da manyan maɓallan saukewa kore-kore. Bayan ka sauke, kafin ka tayar, ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Propriétés, ka duba ko akwai shafin Signatures numériques, wato sa hannun masu manhajar, kuma sunan da ke ciki ya dace da mai manhajar. Ka duba a shafinsu yaushe suka yi sabuntawa ta ƙarshe. Manhajar da aka yi shekaru ba a taɓa ba, ko babu mugun nufi a cikinta, ramukan da aka gano a jikinta suna nan a buɗe. In kuma manhajar kallon hoto ta ce sai ka kashe riga-kafin bairos kafin ta shiga, ko ta nemi lambar wayarka, ko ta ƙi aiki sai da intanet, ka rabu da ita. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in cire intanet, in buɗe hoton. Ta ƙwarai za ta buɗe.

Fasasshiyar manhaja kuwa ta faɗi duk waɗannan gwaje-gwajen a lokaci ɗaya. Wanda ya fasa ta ya taɓa cikinta, sa hannun masu ita ya karye, ba ta karɓar sabuntawa, kuma kusan kullum sharaɗin shigarta shi ne a kashe riga-kafi. Mai sibar ba lallai yana da mugun nufi ba, shi ma ɗaukowa ya yi, bai san abin da aka cusa a ciki ba. Ga kuma haƙƙin masu ita, tunda ta halak na nan kyauta babu uzurin da ya rage.

Akwai dalilin da ya sa na ce ka tayar da manhaja tukuna sannan ka buɗe hoto daga cikinta. Kowane fayil ɗin DICOM na farawa da fili na bayit 128 da ƙa'ida ta bari a buɗe, sannan haruffa huɗu, DICM. A 2019 wani mai bincike a kamfanin Cylera ya nuna cewa ana iya amfani da wannan filin a mayar da fayil ɗaya ya zama hoton majiyyaci na gaske kuma manhaja mai tashi a Windows. Ba abu ne da za ka yi tsammani a faifan da ka karɓo daga asibiti ba. Amma in wani ya turo maka "hoto" mai wutsiyar .exe ko .scr, kada ka danna shi.

Shafin intanet na kyauta fa? A nan abin da ke cikin haɗari sirrin Baba ne. Fayil ɗin DICOM kashi biyu ne, hoto da bayanai. A ɓangaren bayanan akwai cikakken sunansa, ranar haihuwa, lambarsa ta asibiti, sunan asibitin, ranar gwaji da sa'arsa, sau da yawa har sunan likitan da ya aiko shi da dalilin gwajin. Wannan na maimaituwa a cikin kowane yanka. In ka ɗora a shafin da ba ka san masu shi ba, ba ka san ƙasar da na'urarsu take ba, ba ka san tsawon lokacin da za su riƙe ba, to ka ba da duk wannan, kuma ba ya dawowa. Ko manyan wurare suna sakaci: a watan Satumban 2019 binciken kamfanin Greenbone na Jamus, tare da ƴan jaridar ProPublica da na Bayerischer Rundfunk, ya nuna hotuna da bayanan miliyoyin majiyyata zube a intanet a ɗaruruwan na'urorin ajiya marasa ko kalmar sirri. Gaskiya ne akwai shafukan da ke buɗe hoto a cikin burauzarka ba tare da sun ɗauke shi ba, amma mutum gama-gari ba shi da hanyar rarrabe su da masu ɗaukewa, shi ya sa ban ba ka shawarar su ba. A Nijar muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma bayanan lafiya na cikin waɗanda aka fi tsananta a kansu. Tun kafin doka ma, ciwon mutum sirrinsa ne. In Baba na cikin hayyacinsa, a gaya masa wa za a tura wa hotonsa.

Wasu manhajojin na iya goge suna daga fayil. Wannan na da amfani ga ɗalibi ko likitan da zai nuna hoto a aji, kodayake bai cika sharewa ba: hoton eko yakan zo da suna a rubuce a jikin hoton kansa, kuma daga hoton kai ana iya sake gina fuskar mutum. Masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun nuna a 2019 cewa manhajar gane fuska ta gane mafi yawan waɗanda suka gwada daga hoton IRM kaɗai. Amma likitan da zai duba Baba, kada ka goge masa komai. Yana buƙatar suna da kwanan wata don ya tabbata hoton majiyyacinsa ne.

Manhajojin waya ban cika natsuwa da su ba. Akwai nagari, amma da yawa cike suke da talla, wasu kuma sai sun ɗora hoton a na'urarsu kafin su nuna maka. Ga ƙanƙantar allo. In da kwamfuta a kusa, ita ta fi.

Yadda za ka tura Kano: ka fara tambayar likitan ta wace hanya yake so, don wasu asibitocin suna da tasu hanyar karɓa. In ya bar maka zaɓi, ka danna foldar da ka kwafe da maɓallin dama, ka dunƙule ta ta zama fayil ɗin zip guda ɗaya. Windows na yin wannan da kanta, ba sai ka sauke komai ba. Faifan sidi bai wuce mega 700 ba, hoton kai kuma yawanci bai cika shi, dunƙulewar ma za ta rage nauyi. Ka tura ta WhatsApp a matsayin Document, kada ka bi ta wurin tura hoto, don a can ne ake matse hotuna. Ta hanyar Document fayil na tafiya yadda yake, har giga 2. Ka sayi isasshen data, ka zaɓi lokacin da layi ya fi sauƙi, ka tura ga lambar likitan shi kaɗai, ba zauren dangi ba. In ta Google Drive ce, ka ba adireshin imel ɗinsa kawai izini, ka sauke fayil ɗin bayan ya ɗauka. Takardar sakamako kuwa, ita hoton waya ya wadatar, muddin ya fito tangaran. Tunda da Faransanci take shi kuma da Ingilishi yake aiki, ka nemi wani ma'aikacin lafiya da ke jin harsunan biyu ya fassara, a tura fassarar tare da asalin. Fassarar na'ura takan yi tuntuɓe a kalmomin likitanci, kuma "babu" ɗaya in ta faɗi ta juya ma'anar layi gaba ɗaya.

Da ka buɗe hoton, akwai abin da ya dace ka duba da kanka. A kusurwar allo za ka ga suna, da ranar haihuwa, da ranar gwaji. Ka tabbata na Baba ne, don a ranar da aiki ya yi yawa faifai kan iya shiga ambulan ɗin wani. Ka lura da yadda aka rubuta sunan. Mu nan mukan rubuta Mahamadou ko Issoufou, a Kano su rubuta Muhammad ko Yusuf, dattawa da yawa kuma takardunsu na cewa an haife su wajajen shekara kaza, sai a sa musu 1 ga Janairu. Ka gaya wa likitan yadda sunan yake a faifan, kuma in za a buɗe kati a can a bi rubutun katin ɗan ƙasa, don kada a ɗauka mutum biyu ne. Ka duba kowane jeri na wucewa daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsaya ba. Iyakar naka ke nan.

Ina faɗin haka da gaske, don na ga yadda hankali ke tashi a banza. A hoton sikana, gefen dama na majiyyaci yana hagun allo ne, ka duba za ka ga harafin R ko D a can. Akwai fararen ɗigo a tsakiyar ƙwaƙwalwa da kusan kowane babba ke da su, na alli ne da ke taruwa da shekaru, mai kallon farko sai ya ɗauka jini ne. Kan da aka ɗan karkata a kan gado yakan sa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya girma a ido. A ɗaya gefen kuma, abin da ke da haɗari kan iya zama siriri har ka wuce shi ka ce lafiya lau. Yawancin manhajojin kyauta sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba a yi musu rajistar kayan aikin likita ba, kuma ba don yanke hukuncin ciwo aka ba da su ba. Waɗanda aka tantance, masu alamar CE ta Turai ko amincewar hukumar FDA ta Amurka, irin OsiriX MD, na kuɗi ne, kuma a kan allo na musamman da aka daidaita haskensa ake karatu da su, a ɗaki mai duhu. Wannan bai rage wa Weasis ko MicroDicom daraja a aikin da kake so ba, wato ka tabbata hoton na nan, na Baba ne, cikakke ne.

Ƴan'uwana masu ƙananan asibitoci a Maradi da Tasawa da Madarunfa da ke karɓar faifan majiyyata kullum, ku ware kwamfuta ɗaya don wannan, wadda ba a haɗa ta da ta rajista da ta kuɗi ba, kuma ba Windows 7 ba, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Mai son ya riƙa tara hotunan majiyyatansa wuri guda ya duba Orthanc, ma'ajiya ce ta kyauta da Sébastien Jodogne ya fara a asibitin jami'a na Liyej a Beljiyam. Ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. A sa mata kalmar sirri, kuma kada a buɗe ta ga intanet kai tsaye.

In ka bi duk wannan hoton ya ƙi fitowa, ka duba nauyin foldar. In ƴan mega ne ƙalilan kuma hotunan JPEG ko PDF kaɗai ke ciki, ba a ba ku DICOM ba, hotunan allo aka ba ku. In kwafi na tsayawa a tsakiya yana cewa ba a iya karanta fayil, faifan ya karce ko bai bugu daidai ba. In manhaja ɗaya ta nuna baƙin allo, ka gwada ta biyu, don akwai salon matse hoto da wasu ba sa ganewa. A biyun farko mafita ɗaya ce: ka koma inda aka yi gwajin da rasit da takardar sakamako, ka roƙi a sake buga muku gwajin duka a tsarin DICOM, har da sirara-siraran yankuna. Ka hanzarta, don ma'ajiyar injin na cika, kuma inda babu babbar ma'ajiya ta daban ana share tsofaffin gwaje-gwaje don a sami wurin sababbi. Wasu wuraren ba sa yarda a sa filash a injinsu saboda bairos, suna da gaskiya, ka tafi da sabon faifai fanko.

Kada kuma batun faifai ya riƙe ku in jikin Baba ya canja. Dattijon da ya bugu a kai, jini kan iya taruwa a hankali bayan kwanaki ko makonni ko da hoton farko bai nuna komai ba, musamman in yana shan maganin tsinka jini. In ciwon kai ya ƙaru, ko ya fara amai, ko barci ya yi masa yawa har tashinsa na wuya, ko magana ta rikice, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi ta rasa ƙarfi, ko ya yi farfaɗiya, ku kai shi sashen gaggawa nan Maradi a take, da fim da takarda da faifan a hannu, ba sai an jira amsa daga Kano ba.